Mastas a laburaren makaranta ko a tsarin bayanan kasuwanci: wanne zan nema?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar sakandare ce a nan Gombe. Digirina na farko a fannin laburare na yi shi, na gama hidimar ƙasa, kuma shekara shida ke nan makullin ɗakin karatun makarantarmu yana hannuna, ga darasin Turanci da nake koyarwa. Ina so in yi digiri na biyu, kwas biyu kuma sun ja hankalina: na kula da laburaren makaranta da kayan koyarwa na zamani, da na tsarin bayanan kasuwanci. Ƙanena ya ce in rabu da laburare don ba ya kawo kuɗi. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara basira. Ƙanenki yana da 'yar gaskiya, zan zo kanta, amma bai tambayi wace ƙofa takardun da ke hannunki za su buɗe ba.

Kwasa-kwasan nan uwarsu ɗaya. Dukansu sana'ar tsara bayani ce yadda mai nema zai same shi lokacin da yake buƙata. Katin aron littafi da littafin bashin ɗan kasuwa tambaya iri ɗaya suke amsawa: wa ya karɓa, me ya karɓa, yaushe zai dawo da shi ko ya biya. Inda suka rabu shi ne wanda ake yi wa hidimar. Ɗaya yaro ne mai koyon karatu da malaminsa, ɗayan kuma kamfani ne ko ma'aikata mai son sanin inda kuɗinta da kayanta suke.

Sunan kwas na farko daga Amurka ya samo asali. Da laburaren makarantunsu ya fara tara finafinai da faifai da kaset bayan littattafai, sai a 1969 ƙungiyar masu kula da laburaren makarantu ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin da suka sa wa aikin sunan kula da kayan sadar da ilimi. A 2010 ƙungiyar ta koma kiran mai aikin da tsohon sunansa, wato mai kula da laburaren makaranta. Abin lura a nan: yawancin waɗannan kwasa-kwasan an gina su ne don lasisin aiki a makarantun wata jiha ta can. In kika ga tallarsu a intanet, kada kyawun suna ya ɗauke ki, domin wani ɓangare na abin da za ki biya wa kuɗi dokokin makarantun wasu ne.

A gida Najeriya, Jami'ar Ibadan ce ta fi zurfi a wannan reshe. Can aka fara makarantar koyon aikin laburare a 1959, can kuma aka buɗe cibiyar Abadina a 1974 domin laburaren yara da na makarantu, wadda ta girma har ta zama sashe mai ba da manyan digirori. A Arewa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1968, Bayero ta Kano a 1977, Maiduguri a 1978. Hanyar da mutanenmu suka saba bi ita ce a yi mastas na laburare da kimiyyar bayanai gaba ɗaya, sannan a karkata kundin bincike zuwa laburaren makaranta. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke nan Bauchi ma tana koyar da fannin, sai ki bi sanarwar ɗaukar ɗaliban gaba da digiri ta bana, tunda kwas yakan buɗe ko ya rufe gwargwadon malaman da za su duba kundi.

Me za ki koya? Zaɓen littafin da ya dace da shekarun yaro, tsara kasafin kuɗi, aiki da manhajar laburare irin su Koha, wadda aka fara a New Zealand wajen 2000 kuma kyauta ce. Amma zuciyar aikin koyarwa ce: yadda za ki zauna da malamin kimiyya ku shirya darasi tare, da yadda za ki koya wa ɗan aji huɗu bambanta labarin da ya tabbata da wanda aka turo masa ta WhatsApp. Kuma akwai matsalolinmu na gida da ke jiran mai bincike. Ɗauki tsarin Dewey da muke jera littattafai da shi, wanda aka wallafa tun 1876. Ya ba addini lambobi daga 200 zuwa 299, Kiristanci ya ɗauki mafi yawansu, Musulunci kuwa ɗungurungum, da tafsiri da hadisi da fiƙihu da sira, an cusa shi a 297. A makarantar Gombe ko Azare, inda waɗannan littattafan za su iya cika kanta uku, yaro zai iske lambobi dogaye kamar lambar waya. Yadda za a sauƙaƙa wannan, ko inda za a ajiye littattafan Hausa da na Ajami da na Fulfulde har yara su riƙa ɗauka, kowanne ya isa kundin mastas.

Na taɓa zuwa duba wata makaranta, na ce a kai ni laburare. Sai da aka yi cigiyar makulli kusan rabin awa. Da aka buɗe, karyayyun kujeru ne har rufi, a lungu kuma ga kwalayen sababbin littattafai ba a ko yanke igiyarsu ba, gara ta fara yi musu aiki ta ƙasa. Shugaban ya ce tsoro yake ji kada yara su ɓatar, masu binciken kaya su zo su tuhume shi. Littattafai akwai, ɗaki akwai, mutum ne babu. Manufar ilimi ta ƙasa tun fitowarta ta farko a 1977 take ambaton laburare a makarantu, amma takarda ba ta buɗe kwali.

Kwas na biyu kuwa rabinsa kwamfuta ne, rabinsa kasuwanci. Za ki yi rumbun bayanai, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, da nazarin yadda aiki ke gudana a ma'aikata kafin a gina mata manhaja, da ƙididdiga, da ɗan aikin akanta, da tsaron bayanai. Ki ɗauki babban dillali a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe mai sito uku da motoci a hanya: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ake bi, a wane wata masara ta fi riba. Mai wannan ilimin shi ke gina abin da zai ba shi amsa kafin ya gama shan shayi. Haka yake a banki, da kamfanin siminti na Ashaka, da tsarin biyan albashi na IPPIS, da asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya da aka tilasta a 2015. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ƙara buɗe wa masu fannin aiki.

To, ga ƙofar. Sassan da ke ba da wannan digiri sun fi son wanda ya fito daga kwamfuta ko akanta ko harkar kasuwanci, kuma suna duba lissafinki tun na sakandare. Mai digirin laburare sau da yawa sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri, shekara guda ke nan da kuɗinta. Bayan kin gama, masu ɗaukar aiki ba satifiket kaɗai suke kallo ba, kwamfuta za su ajiye miki su ce gina mu gani. Manyan guraben kuma sun fi yawa a Abuja da Kano da Legas, kuma shekarunki shida na aji ba za su shiga lissafi ba. Za ki yi layi ɗaya da yaran da suka gama jiya.

Gaskiyar ƙanenki ita ce, in kika tsaya a sakandare, mastas ba zai sauya albashinki sosai ba, domin ƙarin girma a aikin gwamnati da shekaru da jarrabawa yake tafiya. Abin da bai sani ba, a jami'a ma'aikacin laburare mai ƙwarewa a sahun malamai yake, da matakin albashinsu, kuma mastas ne tsanin hawa. A kusa da ke akwai Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, da ta tarayya a Kashere ta 2011, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, ga jami'ar Gadau a jihar Bauchi. Kowacce tana da laburare, kuma ma'aikatan irin waɗannan makarantun ne ke samun tallafin ƙaro karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, wanda bai shafi malaman sakandare ba. Ki tabbata kin yi rajista da hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta ƙasa, wadda dokar 1995 ta kafa, don ana tambayar takardarta.

Ra'ayina, Malama, taura biyu ba ta taunuwa. Ki nemi mastas na laburare, ki sa bincikenki a kan makarantun Gombe, ki koyi rumbun bayanai a gefe, domin mai laburaren da ya iya shi ba ya rasa mai nemansa. Sai fa in lissafi ne abin da ranki ke so tun asali. Gwajin kuwa ba shi da tsada: ki kwashe rajistar aron littattafanku ta zango guda ki zuba a manhajar Excel, ki fitar da ajin da ya fi aro da littafin da ba a taɓa ɗauka ba. In dare ya raba kina kai ba ki ji gajiya ba, to ki sake tunani a kan kwas na biyu, ki shirya wa shekarar difloma.

Ko wanne kika zaɓa, ki nemi takardar sakamakon darussanki daga tsohuwar jami'arki tun yanzu, don takan ɗauki watanni kafin a aika. Ki haɗa da takardar hidimar ƙasa da malamai biyu ko uku da za su rubuta shaida a kanki. Izinin tafiya ƙaro karatu kuma ki karɓe shi a rubuce daga ma'aikatarku kafin ki biya ko sisin rajista, ba a bakin shugaban makaranta ba.