Amsa: Za a iya kafa hujja da Police Gazette a binciken tarihi?

Ɗan'uwa, ka ce kana rubutu kan rayuwar talakawan Landan a ƙarni na 19, kana tambaya ko Police Gazette ta isa hujja. Na daɗe ina aiki da ita, kuma tana da amfani ƙwarai, muddin ka san irin takardar da ke hannunka.

Takardar cigiya ce. John Fielding, wani makahon alƙali na kotun Bow Street a Landan, shi ya fara ta a 1772 don a riƙa aika wa alƙalan garuruwa bayanin waɗanda ake nema. Ta yi zamani da sunan Hue and Cry, a 1828 ta zama Police Gazette, a 1883 kuma Scotland Yard, hedkwatar 'yan sandan Landan, ta karɓi buga ta.

Daɗinta shi ne siffantawa. Da yake babu hoto a farkon lamarin, dole a zayyana mutum tsaf: tsawonsa, launin idonsa, zanzanar cutar agana a fuska, tabon wuƙa a hannu, har rigar da ke jikinsa ranar da ya gudu. Talakan da bai bar wasiƙa ko wasiyya ba, a nan kaɗai za ka gan shi tsaye da tufafinsa. Jerin sojojin da suka tsere ya ma fi, don yana kawo rundunar mutum da garin haihuwarsa da sana'arsa kafin ya shiga soja. Kada ka raina shafin kayan sata. Dawakai da agoguna da tufafin da aka lissafa suna nuna abin da mutane ke ɗauka dukiya.

Inda ɗalibai ke zamewa shi ne su mai da zargi hukunci. Wanda aka yi cigiyarsa ba lallai an kama shi ba, balle a same shi da laifi. Sai ka bi sunan zuwa bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan na 1674 zuwa 1913, waɗanda ke intanet kyauta. Kuma ka gwada rubutun suna iri-iri, don masu gudu kan sauya suna, magatakarda kuma abin da kunnensa ya ji yake rubutawa.

Kar ka ƙirga shafukanta ka ce ka auna yawan laifi. Abin da aka kai ƙara kuma hukuma ta ga ya kamata a baza ne kawai ya shiga.

Fitowar 1828 zuwa 1845 tana gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kew a Landan, ƙarƙashin lamba HO 75.