Amsoshin Tambayoyi: Gidan Yaran Shamasa da Kuɗin Riɗin Hajiya

Wata Hajiya daga Gadarif ta ƙasar Sudan ta rubuto cewa akwai ƙungiya a unguwarsu mai tattara yaran da suka gudu daga gida ko daga makarantar allo, waɗanda ake kira shamasa. Tana son ta ba su wani kaso na kuɗin riɗin da ta sayar, amma tana tsoron kada gidan ya rufe kafin shekara ta zagayo.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, Allah ya saka miki da alheri. Ki fara neman takardar rajistarsu daga hukumar agajin jin ƙai ta gwamnati, sannan ki tambayi ma'ajinsu: idan daga yau ba wanda ya ƙara kawo ko sisi, wata nawa tukunya za ta ci gaba da hawa murhu? Wanda ya san aikinsa zai amsa da lissafin buhunan dawa, gawayi da kuɗin haya. Wanda ya soma ba ki labarin hawayen marayu kuwa, ki riƙe jakarki. Ki kuma bincika ko mutum ɗaya ne yake ɗauke da gidan, domin tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 attajiran Khartum da yawa sun koma neman na kansu, fam, kuɗin Sudan, kuma kullum zubewa yake yi, har ajiyar dawa ta fi ajiyar takarda.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne almubazzaranci. Na taɓa shiga irin wannan gida bayan magariba ba tare da sanarwa ba, na tarar da mota mai tambarin ƙungiya tana sheƙi a ƙofa, yara kuma suna rabon tabarma ɗaya da asida, wato tuwonsu, da ba ta kai ba. Yaron da ya kwana da yunwa sau biyu kasuwa zai koma, wurin masu shaƙar sholisho. Ki je a wannan lokacin, ki leƙa tukunya.

Wani matashi daga Kasala yana tambaya ko yawan mabiya a Facebook alamar ƙarfin ƙungiya ne. Ɗana, mabiya ba sa biyan haya.

Malamin da ya rubuto daga Jidda kan yadda zai aika gudummawa, kada ka tura kuɗi ta Bankak, manhajar Bankin Khartum, zuwa asusun mutum, ko da limami ne. Ka nemi asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Kada kuma ka tara gudummawa a hannun abokai, domin Saudiyya ta haramta yin haka ba tare da izini ba.