Amsa ga Hajiya kan aikin gida na aljabra da jiyometiri

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce yarinyarki tana JHS 2, aji biyu na ƙaramar sakandare, kullum ta zo aikin gida na aljabra sai kuka, daga ƙarshe ta ɗauki hoton tambayar da waya ta kwafi amsa, kina tambaya ko ki biya mata kuɗin lesin. Na daɗe ina zama da yaran unguwarmu a Aboabo, nan Ghana, bayan magariba muna wannan aikin, to ga abin da na gani.

Kafin ki fitar da ko sidi ɗaya, ki gwada ta da wannan: -3 - 5 nawa ne? Rabi a tara da sulusi nawa ne? In ta ce 2 a na farko, ko ta ce biyu bisa biyar a na biyu, to ciwon yana can baya tun firamare, a lambobin da ke ƙasa da sifiri da kuma ɓangarori. Amsoshin su ne -8 da biyar bisa shida. Mai lesin da zai fara daga babin da suke yi a aji bai taɓa wurin ciwon ba.

Abin da ya fi ɓata yaranmu shi ne haddar nan ta "in ya tsallaka sai ya canja alama". Ɗauki 3x + 5 = 26. Yaro zai tsallakar da 5, ya samu 3x = 21, daidai. Daga nan sai ya tsallakar da 3 ma, ya rubuta 21 - 3, ko ya raba 21 da -3, don an ce masa alama tana canjawa. Ni nakan hana su kalmar tsallakawa gaba ɗaya. Nakan ce: kin sayi ƙunshin ƙosai uku da koko na sidi 5, mai koko ta karɓi sidi 26, nawa ne ƙunshi ɗaya? Babu yarinyar Zango da za ta kasa cewa 7. Sai in tambaye ta yaya ta yi. Ta cire kuɗin koko, ta raba saura uku. To shi za ta rubuta: abin da aka cire a hagu a cire shi a dama, abin da aka raba da shi a hagu a raba da shi a dama, kowane mataki a layinsa.

Ke ma kina da aiki a nan, Hajiya, ko da ba ki tuna lissafin boko ba. Ki sa ta faɗa miki tambayar da Hausa kafin ta taɓa biro. Yara da yawa Turancin tambayar ne ke kayar da su, kuma wanda ya kasa faɗin abin da ake nema da harshen gida bai gane shi ba tukuna. In ta gama, ta mayar da amsar cikin tambayar. A 2(x - 4) = 10, mai gaggawa zai cire baka-biyun, wato ( ), ya rubuta 2x - 4, ya samu 7. Ya mayar: 7 a cire 4 saura 3, sau biyu 6, ba 10 ba. Shi da kansa zai koma ya samo 9.

Jiyometiri kuwa da hannu ake koyonsa. Ta yanki alwatika a takarda, ta yage kusurwoyin uku ta jera su baki da baki, za ta ga sun yi miƙaƙƙen layi, digiri 180 ke nan, ba za ta sake mantawa ba. In aka ba ta kusurwoyi x da 2x da 60, sai ta rubuta 3x + 60 = 180, x ya zama 40, kin ga aljabrar ce ta dawo. Ki kai ta wurin magini ta ga yadda yake daidaita kusurwar ɗaki da igiya, uku nan, huɗu can, biyar a tsakani. Ƙa'idar Fitagoras ce wannan.

Batun waya yana damuna ƙwarai. Masu duba takardun hukumar jarrabawa ta WAEC suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, har wanda ya kuskure amsar ƙarshe yana tsira da wani abu, kuma babu waya a ɗakin BECE, jarrabawar kammala JHS. In za ta duba, sai bayan ta gama nata, don ta ga layin da suka rabu. A tambayar zane da rula da kamfas kuma, kada ta goge 'yan layukan kamfas ɗin don aikin ya yi tsafta, su ake dubawa. Ki saya mata akwatin kayan lissafi nata na kanta da fensir mai tsini.

Lissafi zai bi ta har SHS, babbar sakandare, dole ne a WASSCE, jarrabawar kammala ta, kuma jami'o'inmu sakamakon C6 suke nema ko abin da ya fi. In bayan wata guda na wannan zaman har yanzu tana tuntuɓe, to ki nemi mai lesin, amma ki ce ya fara duba littafin aikinta ya nuna miki inda take faɗuwa kafin ku yi maganar kuɗi. Allah ya ba ta basira.