Kafin ku yanki kayan sallah, ku fara auna damtsen yaran

Wa alaikumus salam. Ɗana, na ga tambayarka tun jiya, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce ku matasan unguwa kun kafa ƙungiya, kun tara ɗan abin da ya sawwaƙa, kuna son taimakon marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma kuna tunanin farawa da ɗinkin kayan sallah. Allah Ya saka muku da alheri. Tunda shawara ka nema, bari in ba ka labarinmu, don mu ma ta nan muka fara.

Mu mata ne 'yan adashi a wata unguwa cikin birnin Katsina. Shekarar farko muka yanki atamfa da shadda, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, aka raba, aka ɗau hoto. Ina cikin sa wa wata yarinya riga, 'yar wajen shekara biyu da ke hannun kakarta, sai na kama damtsenta. Wallahi yatsuna biyu suka zagaye shi har da saura. Gashinta ya yi ja, ba ta kuka, ba ta dariya, kallo kawai. Ba a yi sati biyu da sallah ba aka kwantar da ita asibiti saboda tamowa. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma rigar nan ta daɗe tana ci mini rai. Ban ce kada a yi wa maraya kayan sallah ba. Manyan yara ne ke sanin an yi musu ko ba a yi ba, su ne kuma ake gani a waje. 'Yan ƙasa da shekara biyar suna cikin gida, a bayan uwa ko gindin kaka, ba mai ganinsu sai wanda ya shiga.

Don haka abin farko, ku nemi mata. Ku maza ba za ku shiga gidajen mutane ba, sai dai ku sami iyayenku da yayyenku da unguwarzoma su shiga a madadinku, bayan liman da mai unguwa sun yi wa magidanta bayani. Kada kuma ku tsaya kan marayu kaɗai. Mun tarar da 'ya'yan zawarawa, da waɗanda aka yaye da wuri saboda uwa ta yi kwanika, da waɗanda ubansu na raye amma ya tafi ci-rani shiru, wasunsu sun fi marayun shiga wani hali.

Wata ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ce ta koya mana awon damtse. Wani ɗan tef ne mai launi uku, ana naɗa shi a tsakiyar damtsen yaro daga ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan ya nuna kore, lafiya lau. Idan rawaya ne, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, yaro ya fara ramewa. Idan ja ne, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. Sannan ana danna bayan ƙafafun yaro biyu da yatsa na ɗan lokaci. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, shi ma hukuncinsa ɗaya da ja ko da yaron ya yi kamar mai ƙiba. Ba sai mai ilimin boko ba. A Mirriya ta ƙasar Damagaram an gwada koya wa iyaye mata su riƙa auna 'ya'yansu da kansu, aka ga sun iya sarai, shi ya sa yanzu ake raba tef ɗin a wurare da yawa. A cikinmu wadda ta fi kowa ƙwarewa ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Ka riƙe wannan da kyau: yaron da ya faɗa ja ba naku ba ne, na asibiti ne, ranar nan take. Can ake ba da abincin nan na leda mai kama da tunkuza, wanda aka haɗa da gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadarai. Magani ne, ba kayan kwaɗayi ba, duk da za ka gan shi a kasuwa ana sayarwa, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Aikinku a nan kuɗin mota ne, da mai raka uwa, da mai kula da sauran yaran da ta bari a gida. Sau da yawa abin da ke hana uwa zuwa ke nan, ba taurin kai ba.

Masu rawaya su ne naku. Mu garin kunun nan da ake kira Tom Brown muke yi: kwano 6 na gero ko dawa ko masara, kwano 3 na waken suya, kwano 1 na gyaɗa. A tsince gyaɗar, duk mai baƙi ko wadda ta yi funfuna a zubar, don gubarta na taɓa hanta. A soya waken sosai a cire ɓawon, in ba haka ba yana kumbura ciki. A haɗa a kai niƙa, a tankaɗe. Wajen damawa ya yi kauri, ba tsararo irin kokon safe ba, don cikin yaro ƙarami ne, ruwa sai ya cika shi ba a ci komai ba. In da hali a ɗiga manja ko man gyaɗa, a barbaɗa garin zogale.

Nan ma mun yi kuskure. Da farko muka riƙa ƙulla garin muna ba uwa ta tafi da shi. Bayan wata guda muka auna, damatsan na nan yadda suke. Ashe gidan da ke da yara shida, ba uwar da za ta dama wa ɗaya biyar na kallo. Ni ma da ni ce haka zan yi. Sai muka sauya: ana haɗuwa a tsakar gidan ɗayarmu a dama tare, yaro ya sha a gabanmu, garin da za a tafi da shi kuma mu ƙara da rabon 'yan'uwansa. Daga nan muka fara ganin tef na komawa kore, yawanci cikin wata biyu zuwa uku.

Zaman nan ya haifar da abin da ba mu tsara ba. Yaran da suka fara samun ƙarfi suka shiga rarrafe suna ƙwace wa juna ludayi. Wata tsohuwa ta fara yi musu tatsuniya da waƙoƙin tawai, 'yanmata suka kawo 'yartsana da motar kara. Ma'aikaciyar nan ta ce kada mu raina wannan, ƙwaƙwalwar yaro a shekarunsa na farko magana da wasa take ci kamar yadda ciki ke cin kunu. Yaron da ke kwance shiru ba haƙuri ne da shi ba, sau da yawa ƙarfin kukan ne babu. A zaman ne kuma muke duba katin rigakafi, musamman allurar ƙyanda ta wata 9, mu tuna wa masu jego nono zalla har wata 6, mu koya haɗa ruwan gishiri da sukari in gudawa ta kama yaro.

Batun kuɗi, ku sayi hatsi da kaka lokacin da yake araha, ku adana. Wahalar tana zuwa ne da damina, daga Yuli zuwa Satumba, rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro. Lokacin ne ma'aikata ke bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata, ku taya su shiga gidajen da ake ƙi. Ku buɗe littafi, abin da ya shigo da wanda ya fita a karanta a gaban kowa. Ƙungiyoyi nawa na gani sun watse kan buhu ɗaya.

Sai hoto. Don Allah ku bar ɗora fuskokin yaran mutane a Facebook. Wata uwa ta daina zuwa wurinmu gaba ɗaya saboda dangin mijinta sun ga ɗanta a waya an rubuta mabuƙaci. Sai da muka yi ta sintiri gidanta kafin ta dawo, ko sunan zaman ma canza shi muka yi, muka koma ce masa kunun Asabar.

Ku fara da layi ɗaya ko biyu, yara goma ma sun isa. Ku je asibitin da ya fi kusa da ku, ku nemi mai kula da awon yara, ku roƙe ta tef da rabin yini ta koya wa matanku. In kuɗin sun yi saura bayan an sayi gero da wake, sai a kira tela.