Zuwa tsofaffin ramukan zinare na Anka a lokacin kaka

Ɗan'uwa, ka ce kana son takawa zuwa tsofaffin ramukan haƙar zinare na wajen Anka da kakar nan, kana tambayar abin da za ka kiyaye.

Tsaro tukuna. Tuntuɓi mai gari da jami'an tsaro kafin ka shiga dajin. In sun ce a'a, ka haƙura.

In hanya ta samu, nemi ɗan gari ya yi maka jagora. Da kaka ciyawa ta rufe bakin ramukan, wasu cike suke da ruwan damina, gefensu na iya burmawa da kai. Macizai ma na yawo lokacin girbi, sai ka sa takalmi sau-ciki. Kada ka sauka cikin rami ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne gubar dalma. A 2010 ta kashe aƙalla yara 400 a Zamfara, musamman ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sanadiyyar ƙurar duwatsu masu ɗauke da dalma da aka riƙa niƙawa cikin gidaje don fitar da zinare. Don Allah kada ka kwaso dutse ko ƙasa ka kai gida, kada ka sha ruwan kududdufin wurin, tufafinka kuma a wanke su daban. In yaro ya yi wasa da ƙasar, a kai shi asibiti a gwada jininsa.