Amsar Kawu kan zuwa Izumo

Ɗiyata, saƙonki ya iso, kuma na ji daɗi da kika tambaya kafin ki yanki tikiti. Kin ce 'yan ajinku za su Izumo a ƙasar Japan, wurin bautar Shinto, addinin gargajiya na Japanawa, ɗin nan da 'yan mata ke zuwa roƙon miji, sun ce ki raka su, ke kuma kin rasa ko ya dace, in ma kin je yaya za ki yi. Ki je. Amma ki tafi kina sane da abin da yake ladabin baƙo da abin da yake ibada, domin a can biyun a cakuɗe suke, Japanawan kansu da yawa ba sa rarrabewa.

Wurin yana jihar Shimane, can yammacin ƙasar a bakin teku. Daga Tokiyo akwai jirgin ƙasa na dare, Sunrise Izumo, tafiyar kusan awa 12. Wanda suke bauta wa sunansa Okuninushi, kuma a aƙidarsu shi ke ƙulla tsakanin mutane, ba ma'aurata kaɗai ba, har abokai da abokan sana'a. Sun yi imani cewa a wata na 10 na tsohuwar kalandarsu, wanda yawanci ke faɗowa a Nuwamba, allolin ƙasar kaf suna barin wurarensu su hallara a Izumo. Limaman wurin kan fita da dare bakin tekun Inasa su hura wuta su tarbe su, a yi mako guda ana shawarar wane zai haɗu da wance. Har masauki aka gina musu, wasu dogayen ɗakunan katako a gabas da yamma da babban ginin, waɗanda ake buɗe ƙofofinsu a wannan makon. In tafiyarku ta faɗa lokacin, ki shirya wa cunkoso.

Ginin kansa ya isa a je dominsa. Wanda ke tsaye yanzu na 1744 ne, tsayinsa mita 24, duk katako. A 2000 masu tono suka ci karo da gindin tsofaffin ginshiƙai, kowanne manyan itatuwa uku ne aka ɗaure wuri guda, abin da ya ƙarfafa tsohon zancen cewa ginin can baya ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba. Ki tsaya kuma ƙarƙashin igiyar karan shinkafa da ke rataye a zauren Kaguraden. Tsawonta ya haura mita 13, nauyinta ya haura tan 5, kuma da hannu aka tufka ta.

To ga ladabin. In kin shige torii, wato babbar ƙofar shiga harabar wurin, kada ki bi tsakiyar hanya, a wurinsu ta alloli ce, ki bi gefe. Ki rage murya. Kada ki ɗauki hoton mai addu'a, ko amarya da ango, sai da izini. Waɗannan ba sa taɓa addininki, mutunta masu gida ne. Za ki ga kwamin ruwa da ludayi, ana wanke hannun hagu, sannan dama, a kurkure baki. Zai tuna miki alwala, amma tsarkin shiga gaban abin bautarsu ne, don haka ki wuce shi kawai, ba mai tsare ki.

Inda nake so ki ja birki shi ne gaban ɗakin addu'a. Ƙawayenki za su jefa kuɗi a akwati, su rusuna sau biyu, su tafa sau huɗu, su haɗa tafukan hannu su yi roƙo, su sake rusunawa sau ɗaya. A yawancin wuraren Shinto tafi biyu ake yi, a Izumo kuwa huɗu ne, har mutane kan ce biyu naka ne biyu na wanda za ka aura. Wannan roƙon wanin Allah ne, ko da mai yi yana murmushi. Ki koma gefe ki riƙe musu jakunkuna. Ni haka nake yi lokacin da nake can, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba. Bajapane ya fi damuwa da wanda ya tare hanya a kan wanda bai tafa ba.

Abin da ya fi saurin zame wa mutum shi ne ƙananan abubuwan, domin kamar wasa suke. Takardar omikuji da ake zarowa duba ce. Allon ema da ake rubuta buri a rataye roƙo ne. 'Yar jakar omamori mai zare ja ko ruwan hoda laya ce. Kuma na tabbata za su ja ki Yaegaki, wani wurin bautar a garin Matsue, inda ake ɗora kwabo a kan takarda a sa a tafki: in ta nutse da wuri aure ya kusa, in ta jima tana yawo sai haƙuri. Ki kalla, ki taya su dariya, kada ki sa taki. Ki gaya musu tun a jirgi cewa ba kya karɓar laya, don kada wata ta saya miki saboda ƙauna, ki zo kina mayar da kyauta, abin da ke da nauyi ƙwarai a wurinsu.

In kun yi sa'a za ku ga ɗaurin aure, amarya cikin farin kimono, ana ba su giyar shinkafa a ƙoƙo uku. Kada ki ɗauka al'ada ce ta fil azal. Irin wannan biki ya yaɗu ne bayan auren yarima mai jiran gado a 1900. Kafin nan a gida ake yi. A Izumo ɗin ne ma Gimbiya Noriko ta auri ɗan babban limamin wurin a 2014.

Sai abinci. Garin ya yi suna da taliyar soba da ake jerowa a ƙananan akussa masu hawa uku, sai dai romonta yawanci da mirin a ciki, wanda giya ce ta girki, don haka ki tambaya kafin a zuba miki. Ki sa dardumarki a jaka, ki duba lokutan salla na can kafin ku fita. Mahaifiyarki kuma ta ce in tambaye ki, wai ko rakiya ce kawai, ko akwai wanda ya kamata mu san da zamansa.