Tambaya da Amsa: Ina da POS, ina da WhatsApp, wai har yanzu ban shiga zamani ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari, yarana biyu, muna karɓar tiransifa, akwai POS, kullum ina ɗora kaya a WhatsApp, amma ɗana da ya gama jami'a ya dame ni wai sai na sayi kwamfuta da manhajar lissafi mai tsada. Gaskiya ne ko so yake ya kashe min kuɗi kawai? Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Toh yaron nan yana da gaskiya, sai dai ya fara daga sama.

Ai yawancin 'yan kasuwarmu dole ce ta sa suka rungumi tiransifa, ka tuna farkon 2023 bayan da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi suka yi ɓatan dabo, har mai shayi sai da ya liƙa lambar OPay ko Moniepoint a teburinsa. Hanyar karɓar kuɗi ce ta canza, lissafi kuwa yana nan jiya i yau.

Bari in tambaye ka, yanzu-yanzu turmi nawa ya rage a shago, nawa kake bin mutane bashi, nawa dila ke bin ka, watan jiya ribar nawa ka ci? In sai ka kira yaro ya hau tsani ya ƙirga, ko ka lalubo tsohon littafin nan da bangonsa ya yage, to da sauran aiki. Abin da ke cinye jari kenan wallahi, kwastoma ta tura kuɗi netwok ya ƙi, yaro ya ce Hajiya tura a nawa, da yamma kai ma ka cire na cefane da na makarantar yara daga akawun ɗin da kuɗin kaya ke shiga, wata ya ƙare ciniki ya yi kyau amma ba ka ga komai a ƙasa ba.

Fara raba akawun, na shago daban na gida daban, in ba ka yi rajista da CAC ba, wato hukumar rajistar kamfanoni, ka yi a buɗe akawun ɗin da sunan kasuwanci, ko bashi ka je nema shige da ficen kuɗin nan za a duba. Sannan ka ba ɗan naka aiki tunda shi ya kawo maganar, ya buɗe Google Sheets, wato manhajar jadawalin lissafi, a waya, kyauta ne, duk turmin da ya shigo ko ya fita a rubuta ranar, har da na bashi. WhatsApp Business ma kyauta ne, ana jera kaya da farashi, ka huta da "nawa ne wannan" da tsakar dare.

Manhajar da ake saye da kuɗi sai kun saba da rubutawa tukuna, don yaron da ba ya rubutawa a waya ba zai rubuta a kwamfuta ba.

Tambaya: Malam ni kuma alat na bogi nake tsoro. Daga wata mai turaren wuta a Zariya.

Amsa: Hajiya kar ki yarda da hoton risit ko saƙon tes, ki buɗe manhajar bankinki da kanki ki ga kuɗin sun zauna kafin ki ba ɗan aike kaya, ko da mai sayen na ta cewa sauri take.